Baƙin mai na yoyo ta gindin distiributa: roba zan saya ko in canza ta dukka?

Tambaya: Salam malam, ina da Honda Halla, kwana biyun nan baƙin mai na jiƙa gefen inji ta wajen distiributa har yana gangarowa kan giyabos, duk inda nayi fakin sai na bar tabo a ƙasa. Bakanikena yace in sayo distiributa 'yar Beljiyam a canza gaba ɗaya, wani kuma yace roba ce kawai. Dan Allah wanne zan bi? Daga Zariya.

Amsa: Wa alaikas salam ɗan'uwa. Kar ka sayi komai tukuna, sai an san daga ina man yake fitowa, don baƙin mai gangara yake kuma iska na kwasarsa in kana gudu, inda ka ga jiƙa ba lallai nan ne ƙofar ba. Ka bari inji ya huce, a rufe distiributar, wato mai raba wa fulogai wuta, da leda saboda ruwa, a wanke wajen tas da kananzir da omo, ya bushe, sannan kayi yawonka na yini ɗaya ka dawo ka haska da tocila. In ka ga man ya faro daga sama, daga bakin murfin kan inji, to gasket ɗin murfin ne, wato robar da ke tsakanin murfin da inji, distiributa bata da laifi, zubo mata ake. In kuma saman a bushe yake amma ƙasan inda distiributar ta shiga jikin inji ya jiƙe, to ita ce. Wasu na barbaɗa farar hoda a wajen bayan wanki, layin man sai ya fito ɓaro ɓaro, dabara ce mai kyau kuma ba ta cin kuɗi.

To ko ita ɗin ce ma, wuri biyu take yoyo kuma nan ne kuɗinka zai tsira ko ya tafi. A Halla da sauran Honda na wancan zamanin distiributa a ƙarshen kan inji take, kamshaf, sandar da ke buɗe bawul ɗin inji, ke juya ta, kaga kenan mai na wanke bakinta kullum. Akwai zagayayyar roba a wuyanta da ke hana man fitowa waje, o-ring kenan, sannan akwai oyil sil can ciki a jikin sandar da ke juyawa, shi ke hana man shiga cikinta. Motar 1990 zuwa 1993 ce fa, robar da ta sha zafin inji shekara da shekaru ta riga ta bushe ta zama kamar busasshiyar ganda, da ka taɓa sai ta karye. Don haka a kwance hular distiributar a leƙa. Ciki a bushe, waje a jiƙe, roba ce kawai, kuma mai maganar roba shi ke da gaskiya.

Aikin baya kai awa ɗaya a hannun wanda ya sani. A cire kan batir, ayi alama da fenti ko a karta layi tsakanin jikin distiributar da jikin inji kafin a taɓa noti, saboda ramukan notin dogaye ne, da su ake saita taimin, wato lokacin da wuta ke zuwa fulogi, in aka mayar da ita a karkace motar zata rasa ƙarfi ko ta dinga ƙara in ka taka ko ta hau shan fetur. A lura da inda rota, abin da ke juyawa a ƙarƙashin hular, ke kallo, wayoyin fulogi ma a sa musu alama in za'a cire, silinda 1-3-4-2 wutar ke bi a jere. Noti uku ne, sifana 12. A zaro ta, a cire tsohuwar robar ba tare da an karce wuyan ba, a goge ramin, a shafa wa sabuwar ɗan baƙin mai sannan a tura a hankali. Haƙoran da ke shiga kamshaf ba a tsakiya suke ba, hanya ɗaya suke zama, in ta ƙi shiga a zaro a juya, kar wani yaron gareji ya ce zai jawo ta da noti da ƙarfi, fasa abu zai yi.

Kuma kar ka ce ai ɗan ɗigo ne bari sai an samu sarari. Akwai tiyon ruwa da ke bi ta ƙarƙashin distiributar, baƙin mai na cin roba, tiyon zai kumbura yayi laushi, wata rana kana tsakiyar hanyar Kaduna ya fashe ruwa ya tsiyaye inji yayi zafi. A matsa shi da hannu a ji, in yayi taɓo taɓo a canza shi tare.

Tambaya: Yallabai ni Honda Baby Boy ce dani, da aka buɗe hular distiributar an samu mai a ciki, kuma tana ɗan shaƙewa da safe. Sabuwa ta kwali zan saya ko Beljiyam?

Amsa: To kai naka ya wuce roba, oyil sil ɗin ciki ne ya saki, kuma man na iya kaiwa ga su igniter da sensa, kayan wutar da ke ciki, ranar da suka gaji motar ko tari bazata yi ba. Kafin maganar saye, a kama sandar a girgiza. In bata da lilo kuma tana juyawa sumul ba gurnani, ana iya canza sil ɗin kaɗai a wanke cikin, sai dai aiki ne na haƙuri, sai an warware ta dukka, rewaya mai nutsuwa zaka ba ba mai sauri ba. In tana lilo ko ka ga jar ƙura irin ta tsatsa a ciki, boris ya tafi, sabon sil bazai daɗe ba, canji ya kama.

Ni a ra'ayina Beljiyam mai kyau ta fi sabuwar kwalin nan mara suna, don masu arhar kayan wutarsu ne ke saurin mutuwa, amma fa ka tuna ita ma Beljiyam ɗin tsohuwa ce sa'ar taka. Ka tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna da taka a hannu, a haɗa lambar da ke jiki da soket, don Honda ta yi amfani da ta kamfanin TEC da ta Hitachi kuma hula da rotarsu basa shiga juna. Ka buɗe hular a gaban mai shago, ka ga mai ko ƙamshinsa ka ajiye masa abarsa, ku yi magana kan gwaji da dawowa kafin ka biya, sannan ko ya take a sa mata sabuwar roba kafin a ɗaura. Tsohuwar taka kuma kar ka bari a gareji, kayan cikinta zasu yi maka rana.

Tambaya: An canza min robar amma bayan sati biyu yoyon ya dawo, yanzu ance a shafe wajen da gam a koma mai mai kauri. Ya ka gani?

Amsa: Gam a'a. Bazai riƙe ba, kuma guntunsa na iya faɗawa cikin inji ya toshe hanyar mai. Mai mai kauri ma rage ɗigon kawai zai yi. Ko dai robar ta yanke wajen turawa don an sa ta a bushe, ko ba girmanta bane, ko irin ta famfon ruwa aka sa wadda bata jure zafi da mai, shi yasa nake cewa a nemi ta ainihi tunda abin ba tsada gare shi ba. Sai kuma bawul ɗin PCV, mai fitar da iskar cikin inji, da ke kan murfin inji, mutane na mantawa da shi, in ya toshe iskar cikin inji bata da mafita sai ta dinga turo mai ta duk inda ta samu. A cire a girgiza, in baka ji yana ƙas ƙas ba a canza. In injinka mai VTEC ne, tsarin Honda na sarrafa bawul, a duba gasket ɗin solenoid ɗinsa, wato makunnin da ke buɗe masa hanyar mai, maƙocin distiributa ne kuma sau da yawa ita ake ɗora wa laifinsa.

Tambaya: Malam, Honda EOD nake son saya, na ga mai a gefen injin, dillalin yace distiributa ce ƙaramin gyara ne.

Amsa: Hajiya EOD bata da distiributa, daga 2003 kowane fulogi da kwayil ɗinsa a kai. Dillalin ko bai sani ba ko so yake ki biya ki tafi. Ki kai bakanikenki ya duba gasket ɗin murfin kan inji da gasket ɗin VTEC, a ja geji a ga yawan man da kalarsa, a leƙa ƙasan injin da tocila, in gasket ne a cire kuɗin gyaran daga farashin, in kuma ta tsakanin inji da giya yake ɗiga to wannan sai an sauke giya, ki nemi ragi mai kauri ko ki duba wata.