Likita, Me Ya Sa Maganin Ba Ya Ci?

*Malam Sani daga Kurna: Sau uku a bana ana ce mini ina da taifod. In sha cipro, maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, in ji sauƙi, bayan wata guda zazzaɓi ya dawo. Jikina ne ya saba da maganin?*

Malam, ba jiki ne yake sabawa da magani ba, ƙwayar cutar ce take bijire masa. Amma tukuna, wa ya tabbatar taifod ne? In gwajin Widal aka yi maka, shi ba ya ganin ƙwayar cutar, martanin garkuwar jiki yake aunawa. Yakan ce akwai ga wanda ya warke tuntuni, har ma ga mai maleriya. Abin dogaro shi ne shuka jini a ɗakin gwaji, wanda ma'aikata ke ce wa kalca. Ana ɗibar mililita 8 zuwa 10 ga babba a zuba a kwalba, a jira kwana biyu zuwa biyar. In ƙwaya ta tsiro, sai a shimfiɗa ta a faranti, a ɗora ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban. Maganin da ya hana ƙwayar tsirowa a kewayensa, shi ne zai yi aiki. Inda ake ɓata lamarin shi ne mutum ya sha kafso daga kemis kafin ya zo, ƙwayar ta ƙi tsirowa. A ɗibi jini tukuna, sannan a fara magani.

*Maman Khalifa daga Fagge: Yarona ɗan shekara biyu yana gudawa. In ba shi Flagyl?*

A'a, Hajiya. Galibin gudawar yara bairos ne ke kawo ta, Flagyl kuwa ba ruwansa da bairos. Ki ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti bayan kowane bayan gida, da zinc miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14. In kin ga jini a kashin, ko idonsa ya faɗa, ko ya ƙi shan komai, ki kai shi asibiti nan take.

*Wata ɗaliba daga Jami'ar Bayero: Wane giɓi ne ya rage a binciken matsalar bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani?*

Ɗiyata, babban giɓin shi ne ƙidaya. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya kiyasta cewa bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce kan gaba, mutum 27.3 cikin kowane 100,000. Ki lura, kiyasi ne, domin inda aka fi mutuwa nan ne aka fi ƙarancin ɗakunan gwaji. Ɗan abin da ake tattarawa daga manyan asibitoci yake fitowa, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda masu ciwo mai tsanani ke zuwa bayan sun sha magunguna iri-iri. Abin da ke faruwa a kemis na unguwa, da gonar kaji, da ruwan kwata, ba ya shiga wannan lissafin.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da batutuwa 40 da take so a bincika kafin 2030, ciki har da gwaji mai sauri da zai raba zazzaɓin bakteriya da wanda ba nata ba. A ganina shi ne Kano ta fi buƙata. In aikin kammala karatu kike nema, ki nemi izini ki tattara sakamakon kalcar fitsari na shekara guda a asibiti ɗaya, ki lissafa nawa ne cipro bai ci ba.