Ƙirƙirarriyar basira a harkar kasuwanci: me take yi, kuma daga ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kamfanin rarraba kaya, muna sarowa daga masana'antu mu sayar wa 'yan kiri, kuma ma'aikatana sun kai talatin. Kwanan nan duk wanda ya zo mini tallar manhaja sai ya ce tasa tana da AI, za ta rage mini asara ta kuma rage yawan ma'aikata. Ɗana kuma na ga yana tambayar ChatGPT komai. Don Allah mece ce wannan abar? Tunani take yi kamar mutum? In har tana da amfani ga irin sana'ata, daga ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce ke warware sauran. Ƙirƙirarriyar basira, wadda ake taƙaitawa da AI, ba ta tunani irin naka. Hasashe take yi. Ana nuna mata dubban misalan abin da ya riga ya faru, ta tsinci alaƙar da ke tsakaninsu, sannan in an kawo mata sabon abu ta ce ga abin da ya fi kama da gaskiya. In ka riƙe wannan, da wuya mai talla ya ruɗe ka.

Sunan ya daɗe. A wani taro da aka yi a Kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956 ya kafu, kuma wani masanin kwamfuta mai suna John McCarthy ne ya raɗa shi. Shekaru da yawa hanyar da aka fi bi ita ce masana su zauna su rubuta wa kwamfuta ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya: in kaza ya faru, yi kaza. Hanyar ta yi aiki a inda ƙa'idojin suke a bayyane, amma ta gaza a abubuwan da mutum ya iya ba tare da ya iya bayyana yadda yake yi ba, kamar gane fuska ko karanta rubutun hannu. Abin da ya canja lamarin shi ne koyon na'ura, wato a daina rubuta ƙa'idar, a bar kwamfuta ta ciro ta da kanta daga misalai.

Ga yadda abin yake a aikinka. A ce kana da tarihin bashi dubu goma da ka taɓa bayarwa, kowanne da bayanin wanda ya karɓa, nawa ya karɓa, yaushe, kuma ya biya a kan lokaci ko ya yi jinkiri. Manhajar za ta yi ta cankar wanda zai makara, tana duba amsar gaskiya, tana gyara lissafinta kaɗan-kaɗan, har cankarta ta riƙa dacewa a mafi yawan lokuta. Wannan ne ake kira horarwa. Gobe in sabon abokin ciniki ya nemi kaya bashi, sai ta ba ka ƙiyasin yiwuwar ya makara. Ba ta san shi ba, ba ta san halinsa ba. Ta dai ga ya yi kama da waɗanda suka makara a baya, ko akasin haka.

ChatGPT da ɗanka ke amfani da ita ma haka take, sai dai abin da take canka kalma ce. Kamfanin OpenAI ya fitar da ita ranar 30 ga Nuwamba 2022, a kan wani tsari da masu bincike na Google suka wallafa a 2017. An horar da ita da rubutu mai ɗimbin yawa har ta ƙware wajen sanin kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Daga wannan ne duk iya zancen nata ya fito.

Ke nan iri biyu ne ke gabanka, kuma masu talla kan cakuɗa su da gangan. Akwai mai hasashe da lambobi, akwai mai samar da rubutu. Ta biyun ce ta yi suna, amma a ganina ta farkon ce ke da kuɗi a sana'a irin taka. Ɗan kasuwar da ke rarraba kaya a wurare kaɗan yake asara: kaya su yi kwantai a sito kuɗi ya maƙale, ko su ƙare a lokacin da ake rububinsu, ko bashi ya ƙi dawowa, ko motoci su yi ta zagaye suna ƙona mai. Duk waɗannan tambayoyi ne na hasashe. Nawa za a nema a mako mai zuwa? Wa ya kamata a rage wa bashi? Wace hanya direba zai bi ya sauke kaya a wuri goma sha biyar? Bankuna sun daɗe suna amfani da irin wannan wajen gano cinikin katin banki da bai yi kama da ɗabi'ar mai katin ba, tun kafin kowa ya ji sunan ChatGPT.

To amma a nan ne gizo ke saƙa, kuma a nan nake so ka tsaya. Manhajar ba ta da abin koyo sai bayanan da ka tara, kuma bayanan yawancin kamfanoni ba su kai yadda masu su ke zato ba. Kaya ɗaya an shigar da shi da suna uku saboda magatakarda uku ne suka rubuta. Kayan da aka dawo da su ba a cire su daga lissafin ciniki ba. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne wannan: in wani kaya ya ƙare maka na tsawon mako uku, littafinka zai nuna ba a sayar da ko ɗaya ba. Kai ka san masu nema sun zo sun koma hannu rabbana. Manhajar kuwa abin da za ta koya shi ne ba a son kayan a wannan lokacin, sai ta ba ka shawarar ka rage odarsa, ya sake ƙarewa, ta ƙara tabbatar wa kanta cewa ta yi daidai. Na sha ganin an ɗora wa manhaja laifi alhali littafin ne ya yi mata ƙarya.

Ko bayanan sun yi tsaf, jiya take kallo. A 2020, da annobar korona ta birkita yadda mutane ke sayayya, manhajojin hasashe da yawa sun rikice domin ba su taɓa ganin irin wannan yanayi ba. Kamfanin Zillow na Amurka ya dogara da ƙiyasin kwamfuta wajen sayen gidaje don ya sayar, ƙiyasin ya kasa bin sauyin farashi, a Nuwamba 2021 ya rufe wannan sashen ya kuma sanar da sallamar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa. Haka kuma takan gaji son zuciyar da ke cikin tarihin. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito a 2018 cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar tantance masu neman aiki, bayan an gano tana rage wa mata maki, saboda yawancin takardun da ta koya daga gare su na maza ne.

Ita kuwa mai rubutu, amfaninta a bayyane yake: tsara wasiƙa, taƙaita doguwar yarjejeniya, ciro lambobi daga rasit a zuba a jadawali, amsa tambayoyin da abokan ciniki ke maimaitawa. Aibinta ɗaya ne babba. In ba ta san abu ba, takan ƙirƙiro shi da cikakken ƙarfin gwiwa, cikin lafazi mai daɗi. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ta ƙago, babu su a ko'ina. A Fabrairu 2024 kuma wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta umarci kamfanin jiragen sama na Air Canada ya biya wani fasinja, bayan manhajar hira da ke shafin kamfanin ta ba shi bayanin ragin kuɗin tikiti da ya saɓa wa ƙa'idar kamfanin. Kotun ta ce abin da manhajarka ta faɗa, kai ka faɗa. Sannan ka ja kunnen ma'aikatanka kada su riƙa zuba sirrin kamfani a manhajojin da kowa ke shiga. Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da su a 2023 bayan irin haka ta faru.

Batun rage ma'aikata, ban ba ka shawarar ka sayi komai da wannan niyyar ba. Abin da take ɗauke wa mutum yanki ne na aikinsa, kamar kwafe lambobi daga takarda zuwa kwamfuta. Ma'ajin sitonka da ya shekara goma yana aiki ya san wane abokin ciniki ne ke yin babbar oda sannan ya soke rabi, kuma wannan ba ya cikin kowane littafi. Shi ne zai fara gane ranar da manhajar ta kauce.

Inda za ka fara: zaɓi aiki guda tak, wanda ake maimaitawa kullum, kana da tarihinsa a rubuce na aƙalla shekara biyu, kuma kuskure a cikinsa ba zai durƙusar da kai ba. Hasashen odar kayanka ashirin da suka fi tafiya ya cika waɗannan sharuɗɗan. Ka sa a gyara bayanansu tukuna, a haɗe sunayen da suka rabu, a yi wa kwanakin da kaya suka ƙare alama. Sai ka ce wa mai tallar ya gwada manhajarsa a kan bayananka, ba a kan misalin da ya zo da shi ba. Ka ɓoye masa cinikin wata uku na ƙarshe, ya yi hasashensu, ka kwatanta da abin da ya faru. Ka kuma kwatanta da hanya mafi sauƙi, wato ɗaukar cinikin bara na daidai wannan lokacin, da kuma ƙiyasin ma'ajinka. In manhajar ba ta doke waɗannan biyun da tazarar da ta fi kuɗinta ba, ka sallame shi. In ta doke su, ka bar ta ta yi wata uku tana ba da shawara kawai, mutum na yanke hukunci, kafin ka sakar mata ko da oda ɗaya. Kafin ka sa hannu kuma, a rubuta a yarjejeniya inda za a ajiye bayananka, wa ke da ikon ganinsu, da yadda za ka karɓe su cikakku ranar da kuka rabu.