Me ya hana a riƙa ajiye wutar lantarki ta hanyar ruwa a Dadin Kowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce a wasu ƙasashe ana tura ruwa saman dutse idan wuta ta yi yawa, a sake shi idan ana bukata ya juya inji. To mu da muke da dam a Dadin Kowa, me ya hana mu yi? Daga wani mai karatu a Bolari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Tafki biyu ake yi, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Da rarar wuta ake tura ruwan sama da famfo, in bukata ta taso a sako shi. A cikin kowane yunit 10 da aka kashe, 7 zuwa 8 ne ke dawowa.

Sai dai a wannan harka tsayi ya fi yawan ruwa daraja. Ka ɗauki tankin lita 1,000 irin na saman gida. In ka zubo ruwansa daga tsayin mita 100, abin da zai ba ka bai wuce kwatan yunit ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Mai son megawat 100 na tsawon awa 6, in gangarensa mita 40 ce, sai ya ɗaga irin wannan tanki kusan miliyan 6 a kullum. In ya samu mita 400, dubu 600 sun ishe shi. Tafki ya ƙanƙance, bututu ya sirance, kuɗin ma ya sauko.

Dadin Kowa, da ke kan kogin Gongola, tana da ruwa, kuma tashar wutarta ta megawat 40 ce. Wato tafkin ƙasa ya samu ke nan. Saura na sama. Ido zai fara kai wa ga Dutsen Bima da ke kusa, amma dutsen yashi ne, kuma irinsa yana tsotse ruwa. Kafin ya riƙe tafki sai an shafe gindin da kwalta ko kankare, sannan a tabbatar samansa na da faɗin da zai ɗauka. Dutse mai tsini, komai tsayinsa, ba shi da amfani a nan.

Wani zai ce ai Jos ta ɗara Bauchi tsayi da kusan mita 600. Haka ne, amma hawan ya bazu ne a tafiyar kusan kilomita 130. Injiniyoyi sun fi son nisan da ke tsakanin tafkunan kada ya wuce ninki goma na tsayin, domin haƙa rami a cikin dutse shi ke cinye jari. Dubi irin wannan tasha ta Ingula a Afirka ta Kudu, mai megawat 1,332: tazarar tafkunanta ba ta kai kilomita 5 ba, gangaren kuwa ya haura mita 400.

Duwatsun Dass da ke jihar Bauchi masu tauri ne, sun fi riƙe ruwa. Matsalarsu ita ce ta ruwan. Rafukan yankin na damina ne, ga hunturu da bazara suna ƙafar da tafki, dole a yi ta ciko. Duk wanda ya san yadda manoman rani da makiyaya ke ji da kowane kududdufi a watan Afrilu ya san ba za a ɗebi wannan ruwa cikin ruwan sanyi ba.

Ta fuskar layin wuta Gombe ta yi sa'a, babban layin kilobolt 330 daga Jos yana zuwa har gari. Abin da ni ya fi damuna shi ne rarar. Tasha mai tafki biyu ba ta haifar da wuta, ajiya kawai take yi, mu kuwa wadda ake samarwa ba ta ishe mu ba balle ta yi saura. Sai an shimfiɗa manyan gonakin sola da za su yi ambaliyar wuta da tsakar rana, sannan a zauna a kwatanta kuɗin tafki a kan Bima da na batir. In ajiyar awa biyu zuwa huɗu ce ake so, a ganina batir zai yi nasara. In ta dare guda ce, to a aika masu auna ƙasa su hau dutsen.