Tambayi Majo: "Don me aka ce in jira waje?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Majo. Ni uwa ce, ina zaune nan Tawa. Ɗiyata ta fari shekarunta 14, tana kwaleji. Tun bayan sallar layya take fama da jiri da kasala, duk ta koɗe, ba ta son tuwo, sai tauna ƙanƙara. Sau biyu ta faɗi a filin lakwal. Kakarta ta ce iska ne, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Da na kai ta gidan likita, malamar ta auna ta, daga nan ta ce in ɗan jira waje. Sun yi kusan rabin awa su biyu. Da na shiga sai aka miƙo mini takardar awon jini da ta magani. Yarinya ta ƙi gaya mini abin da suka yi magana a kai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni na haife ta, wane sirri ne za a ɓoye mini? Ko ciki ake zarginta da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata, Allah ya ba ta lafiya. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, ban ga sunan yarinyar ba, kuma na san ba don mujalla kika ɓoye shi ba. Ɗiyar fari ce. To yarinyar da ba ki kiran sunanta, wadda ko a tsakar gida ba ku haɗa ido, ta ina za ta fara gaya wa baƙuwa kwana nawa take yi tana jini, ke kuwa kina zaune a kujerar gefe? Ba laifinki ba ne, ba nata ba ne. Haka aka tashe mu, ni ma haka nake da babban ɗana.

Bari in ba ki labarin da ya sa ni ma nake fitar da uwaye. Shekarun baya, ina sabuwar ma'aikaciya a wani ƙauye na ƙasar Adar, aka kawo mini wata yarinya sa'ar taki. Ranar kasuwa ce, mutane cike har bakin ƙofa. Na ce: "Me ke damunki?" Uwa ta ce ciwon kai. Na ce: "Tun yaushe?" Uwa ta ce tun shekaranjiya. Yarinya kuwa kanta sunkuye, tana murza bakin hijabinta da yatsa. Ban ji muryarta ba ko sau ɗaya. Na rubuta maganin masassara da na ciwon kai, na kira na gaba. Bayan mako uku aka dawo da ita kwance a amalanke, tafin hannunta fari fat kamar an wanke. Sai da muka aika ta babban gidan likita aka yi mata ƙarin jini. Daga baya, mu biyu, ta gaya mini cewa tun da ta fara al'ada takan yi kwana goma sha biyu, wani lokaci har sau biyu a wata. Tsummokaran take wankewa da dare ta shanya ƙarƙashin gado don kada kowa ya gani. Wata bakwai tana cikin wannan hali. Tambaya ɗaya ce ta rage in yi mata ran farko, ban yi ba, domin na bar uwa tana amsawa.

Abin da malamar nan ta yi miki, haka aikin ya tanada. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran mai shekara 10 zuwa 19 matashi, kuma awonsa ya bambanta da na jinjiri da na babba. Ana farawa da uwa a ɗaki, a ji tarihin ciwo daga bakinta. Sai a hau sikeli, a auna tsawo, a ɗauki tansiyo da bugun jini da zafin jiki, a ja fatar ido ta ƙasa a duba ko ja ce ko fara, a duba harshe da tafin hannu da farce. Duk wannan minti biyar ne. Sauran rabin awar da ya tsaya miki a rai hira ce, kuma tana da tsari: yaya gida, wa take kwana da shi a ɗaki, yaya karatu, me ta ci jiya tun daga safe, su wa ne ƙawayenta, tana samun barci, tana yawan kuka ko jin duniya ta ishe ta, akwai wanda ke tare ta a hanya ko ya taɓa ta inda bai kamata ba. Ana farawa da masu sauƙi, a bar masu nauyi sai an ga ta saki jiki. Namiji ma haka, sai dai shi mukan daɗe a kan fada da shayi da taba da tramol.

Batun ciki kuwa, in gaya miki gaskiya, e, mai yiwuwa an tambaye ta yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe. Duk macen da ta fara wanki, in ta zo da jiri, sai mun yi wannan tambaya, ko ɗiyar liman ce, ko matar gwamna. Akwai magungunan da ba a ba mai ciki, shi ya sa. Ba wani abu aka gani a fuskar ɗiyarki ba.

Sirrin ma yana da iyaka, kuma tun kafin a fara mukan gaya wa yarinya iyakar. Ni ga yadda nake cewa: "Ɗiyata, abin da za mu faɗa nan, nan zai tsaya. Amma in na ji ranki na cikin haɗari, ko wani na cutar da ke, sai mun nemo babba, kuma ke za ki fara sanin wanda zan gaya wa." Saboda haka in an sallame ku da takardar awon jini da ta magani kawai, ki kwantar da hankalinki. Ga kuma haƙƙinki da nake so ki riƙe: hira daban, duba jiki daban. In za a tuɓe yarinya a duba ta, kina da ikon cewa ki tsaya, ko a kira wata ma'aikaciya mace ta tsaya. Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin wannan.

Yanzu ga ciwon kansa. Ban ga yarinyar ba, amma koɗewa da jiri da kasala da tauna ƙanƙara sun fi kama da ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe. Wasu ƙanƙara suke ci, wasu farar ƙasa, wasu ɗanyar shinkafa, kuma kwaɗayin yakan tafi da kansa in jini ya dawo. Ki duba takardar awon, wurin da aka rubuta Hb, wato ma'aunin yawan jini a jiki. Ga yarinya mai shekarunta, ƙasa da 12 ƙarancin jini ne, ƙasa da 8 kuwa mai tsanani ne. Shekarun nan jiki na miƙewa da sauri yana neman ƙarfe, ga al'ada na ɗebe shi kowane wata, ga abincinmu fura da tuwon gero, masu cika ciki amma ƙarfensu ba ya shiga jini sosai. Masassarar cizon sauro da tsutsar ciki suna ƙarawa. In akwai mai sikila a dangi, ki gaya wa malamar, don wannan awonsa daban, maganinsa daban, har cibiya ta musamman gare shi a Yamai.

Ƙwayoyin ƙarin jini, inda mutanenmu ke kuskure shi ne a sha kwana goma, a ji dama-dama, a jefa sauran bayan akwati. Watanni ake yi ana sha, har bayan awo ya nuna jini ya daidaita, don a cika rumbu. Bayan gida zai yi baƙi, kada ta tsorata, aikin maganin ne. Kada ta haɗiye su da shayi ko madara ko nono, suna hana ƙarfen shiga jiki. Ruwa, ko ruwan lemo, ya fi. Hanta ko sau ɗaya a mako, nama in an samu, kifi, wake, dambun zogale da tumatir a matse lemon tsami. Na san kuɗin cefane ba wasa ba ne, amma a gidaje da yawa da na shiga naman yana nan, kwanon maigida da na samari yake tafiya, ƴan mata su tashi da romo.

Sai abin da ke kaɗai za ki iya lura da shi a gida. Al'adar yarinya a shekarun farko takan yi wasa, tazarar kwana 21 zuwa 45 duk daidai ne. Amma in jini ya wuce kwana 7, ko tana sake ƙunzugu duk awa ɗaya ko biyu, ko yana zuba guda-guda, ko ciwon mara na hana ta zuwa lakwal, a koma gidan likita a faɗa. In ta suma, ko numfashi na yi mata wuya tana zaune, ko zuciya na bugawa kamar ganga, kada a jira gari ya waye. Addu'a da rubutu ban hana ba, a haɗa da awo.

In kunya ta hana ki tambayarta, ki bi ta hannun gwaggonta ko ƙanwarki. Kai, ita kakar ma da ta ce iska ne, ita ta fi kowa dacewa, tunda tsakanin kaka da jika akwai wasa, abin da ba a faɗa wa uwa ana faɗa mata cikin raha. Ke kuma ki riƙa ajiye mata audugar mata da sabulu a akwatinta ba tare da kin ce komai ba. Za ta gane.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya: tun 2006 yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ana duba shi kyauta a ƙasar nan, karnensa, wato ɗan littafin lafiyarsa, na hannun uwa, ana awo ana rigakafi. Daga ya wuce biyar sai ya ɓace mana. Yarinya ba mu sake ganinta sai ranar da ta zo awon ciki, a ƙasar da kusan uku cikin huɗu na ƴan mata ke yin aure kafin shekara 18. Sau da yawa ran nan muke fara gano jininta bai kai ba, ga kuma ciki na neman nasa. Ke da kika kai taki tun yanzu, kin kyauta. Ranar komawa ki raka ta, in an ce ki jira waje, ki nemi inuwa.

TAMBAYA: Majo, ni ɗalibi ne a Ƙonni, shekaruna 13. Nonona na hagu ya kumbura, akwai ɗan ƙullutu yana zafi in na taɓa. Abokaina na yi mini dariya wurin ƙwallo, har na daina tuɓe riga. Ban gaya wa kowa ba.

AMSA: Ɗana, ba mace za ka zama ba, kuma ba kai kaɗai ba ne. Kusan rabin samari kan ga wannan lokacin balaga, har cikin masu yi maka dariya. Sinadaran girma ne ke hawa da sauka kafin su daidaita. Yakan fito gefe ɗaya ko duka biyu, ya baje da kansa cikin wata 6 zuwa shekara 2. Kada ka matse shi, kada ka yarda a ɗora maka abu mai zafi ko a tsaga. In ya wuce shekara 2, ko yana ƙara girma da sauri, ko ruwa na fita, ka je a duba. Tunda ka iya rubuto wasiƙa, ga wani abu ka gaya wa abokanka: ciwo mai tsanani da ya taso farat ɗaya a ɗan maraina, musamman da amai, ba abin ɓoyewa ba ne. Jijiyarsa kan murɗe jini ya tsaya, kuma awa 6 na farko su ne lokacin ceto shi. Ko tsakar dare ne ka tada Baba.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 12 yana ganin jini a ƙarshen fitsari, ba ya jin wani ciwo sosai. Muna noman rani kusa da tabkin Tabalak. Tsofaffi sun ce alamar girma ce.

AMSA: Malam, tsargiya ce ta fi kama, kuma ba ta da alaƙa da balaga. Tsutsa ce da ke girma cikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ke kwance, ta huda fata ta shiga jiki lokacin wanka ko kamun kifi ko ban ruwa. Ƙwanta ne ke ji wa mafitsara rauni. In an bar ta shekaru tana rage jini, ta lalata mafitsara, ta kai ga ƙoda. A kai fitsarinsa awo, wanda aka ɗiba tsakanin hantsi da azahar ya fi nuna ƙwan. Maganin sunansa praziquantel, shi ne ake rabawa a lakwal ana auna tsawon yara da sanda, kuma a sha shi bayan an ci abinci don yana sa jiri. Maganin ba ya hana sake kamuwa, saboda haka in an zo rabo kowace shekara ya karɓa. Ku sa mahaifiyarsu ko gwaggonsu ta tambayi ƴan matan gidan da ke zuwa wanki bakin tabkin, su ma suna kamuwa, sai dai su ba za su zo su nuna muku ba.