Shayin da ake ajiyewa shekaru: ta yaya zan gane wanda ya fi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana yana zuwa saro kaya birnin Guangzhou na ƙasar Sin, kuma a tafiyarsa ta ƙarshe ya kawo mini ganyen shayi guda biyu da aka matse kamar faifai. A takardar ɗaya an rubuta 2008, a ta ɗayan 2019, kuma ya ce na farkon ya fi tsada nesa ba kusa ba. Na dafa su yadda muke dafa ataya, da sukari, amma ban ji abin da ya raba su ba. Shin an cuci Yaya ne? Daga wani mai karatu, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ke hannunka shayin Pu'er ne, wanda ake yi da manyan ganye a lardin Yunnan na ƙasar Sin, kuma galibi faifai ɗaya giram 357 ne. Masu sha'awarsa suna ajiye shi su riƙa gwada shekara da shekara, kamar yadda Turawa suke yi da tsohuwar giyar inabi ta Porto.

Kafin a yi maganar cuta, sai ka tabbatar cewa iri ɗaya kake gwadawa, domin Pu'er kashi biyu ne. Akwai ɗanye, wanda suke kira sheng, da ake barinsa ya nuna da kansa a hankali cikin shekaru. Akwai kuma nunanne, wato shou, wanda aka fito da dabarar yinsa a Kunming, babban birnin Yunnan, a 1973: a tara ganyen, a yayyafa masa ruwa, a rufe shi na wasu makonni har ya yi duhu. Nunanne yana ba da ruwa baƙi-baƙi tun yana sabo, saboda haka duhun ruwa kaɗai ba shaidar tsufa ba ne, kuma a nan ne ake yi wa baƙi wayo a kasuwa.

Dahuwar ataya kuwa, duk da ƙaunar da nake yi mata, ba ta dace da wannan gwaji ba, domin doguwar tafasa da sukari suna binne duk wani bambanci. Ka samo kofuna biyu farare masu girma ɗaya, ka ɓanɓaro ganye daidai wa daida daga gefen kowane faifai ba tare da ka murƙushe shi ba. Ka zuba tafasasshen ruwa ka zubar nan take, wannan wanki ne. Daga nan ka riƙa jiƙawa na daƙiƙa goma zuwa ashirin kana tacewa, sau shida ko bakwai, kana kurɓar na 2019 kafin na 2008.

Idan duka ɗanye ne, sabon zai fito ruwan ɗorawa, da ƙamshin ciyawa da ɗaci da bauri mai kama harshe. Tsohon zai fito ja-ja kamar zuma, baurin ya kwanta, ƙamshin ya koma na itace ko busasshen dabino. Abin da na fi so ka lura da shi shi ne bayan haɗiya. Mutumin Kumasi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani: ka san zaƙin da yake tasowa a maƙogwaro idan ka ci goro ka kora da ruwa. Shayi mai kyau yana barin irin wannan, kuma yana riƙe ƙarfinsa har jiƙo na bakwai, alhali marar kyau yana salancewa tun a na uku.

Ni a ganina, wurin ajiya ya fi shekarar da ke jikin takarda muhimmanci, balle ma takardun jabu ba su da wuyar samu. Faifan da ya zauna a laimar Guangzhou yana nuna da sauri fiye da wanda ya zauna a busasshiyar iskar Kunming, sai dai idan laimar ta yi yawa yakan ɗauki warin ruɓaɓɓen ɗaki. Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin damunar Kumasi ba ta da sauƙi. Ka bar shi cikin takardarsa a kwali mai tsabta, a ɗage shi daga ƙasa, nesa da madafa da turare, don ganyen yana zuƙe kowane wari. In ka ga fumfuna kore ko baƙa a jikinsa, kada ka sha.