Ina shan maganin HIV, an ce cikina "mola" ne: zai koma daji?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 4 ina karɓar maganin HIV. Na samu ciki, a wata na uku jini ya ɓalle min. Da aka yi hoto aka ce babu ɗa, wasu ƙullutai ne kamar 'ya'yan inabi. An yi min wankin ciki, an ce in riƙa zuwa gwajin jini don kada ya koma daji. Da wannan lalurar tawa, akwai warkewa kuwa? Daga wata 'yar'uwa a Gwale, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Akwai warkewa sosai. Mabiyiya ce ta lalace ta yi wannan tsiro, shi ake kira mola. Yawanci wankin ciki ya wadatar, amma a cikakken mola, wato wanda babu ɗa ko kaɗan, mata 15 zuwa 20 cikin 100 ragowar kan ci gaba da tsiro, har ta iya kaiwa huhu. Wannan shi ne komawa dajin. Duk da haka, yana cikin ciwon dajin da ya fi jin magani. In aka kama shi da wuri, magani guda, methotrexate ko actinomycin D, yana warkar da mafi yawan mata, mahaifa kuma na nan lafiya.

Abin da ke tona shi shi ne sinadarin hCG a jini, wanda mabiyiya ke fitarwa. Ana aunawa duk mako 1 ko 2 har ya sauka, sannan duk wata. Tsinken gwajin fitsari na kemis ba ya nuna adadi, don haka ba zai wadatar ba. Ki yi tazarar haihuwa har likita ya sallame ki, domin sabon ciki ma yana ɗaga hCG, sai a kasa bambancewa.

Ta ɓangaren HIV, inda ake samun matsala shi ne idan CD4, wato ƙwayoyin garkuwar jiki, ta faɗi ƙasa da 200: allurar dajin tana rage ƙwayoyin jini, jiki ba garkuwa, sai cututtuka su samu ƙofa. Don haka kada ki tsallake ƙwayarki ta HIV ko ta kwana guda. Wani abu da ake yawan mantawa: ba a haɗa Septrin, maganin kariya daga cututtuka da ake ba masu HIV, da methotrexate, tare suna danne ɓargo. Zidovudine, ɗaya daga cikin magungunan HIV, shi ma yana danne shi. Ki kai wa likitan mata duk kwalaben maganinki ya gani da idonsa, a duba ƙodarki ma.

In jini ya dawo, ko tari da jini, ko numfashi ya yi wuya, ko matsanancin ciwon kai, kada ki jira ranar da aka ba ki. Ki wuce Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala a ranar, da takardun gwajinki a hannu.