Malama, kafin ki koya musu kasuwanci, ki tambaye su ribar jiya

Wa'alaikis salam, Malama. Na ga tambayarki tun da safe, cewa an ɗora miki darasin kasuwanci da sana'a a ajin JSS 2, yara sun haura sittin, babu kayan aiki ko ɗaya, kuma da zarar kin fara rubutu a allo sai hamma ta cika ajin. Na bari sai da na sallami yara na gama da kicin, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da wannan darasi a wata sakandaren 'yan mata a Kano.

Shekarata ta farko haka na yi ta yadda kike yi yanzu. Ma'anar ɗan kasuwa, siffofinsa guda bakwai, ire-iren jari. Suka haddace tsaf, suka ci jarrabawa, ni kuma ina ta jin kaina. Ranar da ido na ya buɗe, wata yarinya ce da ke taya mahaifiyarta suyar awara kowace yamma na tambaya, nawa kuke samun riba a rana? Ta ce dubu uku. Na ce kai, to ai kun fi ni albashi, waken suya na nawa kuke saya? Ta faɗa. Mai fa? Niƙa fa? Itace, yaji, leda? Muna cirewa a allo, ajin ya yi tsit. Ashe dubu ukun nan duk cinikin ne, uwa da riba a haɗe. Abin da ya rage bai kai ɗari biyar ba, kuma ba a sa ladan wanda ya tashi tun asuba ya tace waken ba. Yarinyar nan ta fi ni iya kiran mai saye, ta fi ni saurin ba da canji, amma ba ta taɓa raba uwar kuɗi da riba ba.

To kin ga inda gizo ke saƙar. Yaranmu ba sayarwa suka kasa ba. Garin da Kasuwar Kurmi take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ga Kantin Kwari, ga Singa, ga Sabon Gari, ba za ki koya wa ɗansa yadda ake cewa "albarka" ba. Lissafi ne babu. Shi kuwa ba ya zama a kai sai da kuɗin gaske, ko da kaɗan ne, wanda in ya ɓace yaro zai ji zafinsa.

Ga abin da nake yi. Ina raba aji rukuni-rukuni, goma-goma. Kowace yarinya ta kawo abin da aka yanke daga kuɗin tararta, a hankali cikin mako biyu. Su zaɓi shugaba, ma'aji, da mai rubutu, kuma ma'aji ba ta rubutu, mai rubutu ba ta taɓa kuɗi. Su zaɓi abin da za su yi da kansu: gyaɗa soyayya, alawar madara, zoɓo, sabulun ruwa, man shafawa. Littafi ɗaya mai shafi arba'in, a ja layi huɗu: rana, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Shi ke nan kayan aikin.

Bari in ba ki labarin 'yan zoɓo na 2019, don har yau littafinsu yana wurina. Naira 300 kowacce ta kawo, jari ya kama 3,000. Suka kashe 2,150 a zoɓo, sukari, citta da kanumfari, gawayi, leda da ƙanƙara, domin ranar babu wuta, firijin da suka dogara da shi ya zama akwati. Suka ƙulla 120, kowanne Naira 20. Tun kafin a sayar sun buga lissafi, ciniki 2,400, riba 250, suna ta murna. Sai na ce, wa ya biya kuɗin Adaidaita zuwa kasuwa? Aka tuna da Naira 200. Riba ta koma 50, a raba wa mutum goma. Ba a nan ta tsaya ba. Da aka tashi ƙirga kuɗi, 1,800 aka gani. Ina ƙulli talatin? Malamai sun sha, "sai an yi albashi." Wallahi Malama, babu mai karya jarin ɗalibi kamar ɗakin malamai, kuma ina cikinsu a da. Yarinya ba za ta iya kallon malaminta ta ce biya ni ba. Ma'ajin ta yi kuka ranar, ni kuma na bar ta ta yi, sannan muka zauna muka bi layi-layi har suka gano da kansu cewa an taɓa uwa.

Daga nan na kafa doka: zangon farko ba bashi, ko shugabar makaranta ce. A zango na biyu sai in buɗe ƙofar bashi, amma da rubutu: suna, adadi, ranar biya, da sa hannu. A nan nake ɗauko musu aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, kuma kan rubuta bashi take magana. Da yawansu sun haddace ta a Islamiyya, ba su taɓa haɗa ta da ƙullin zoɓo ba. Haka ma ƙiradi da ke cikin littattafan fiƙihunmu: wani ya kawo jari, wani ya yi aiki, a yanke rabon riba tun farko, in an yi asara ba da sakaci ba mai jari ya ɗauka, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Wannan ya fi shiga kansu fiye da duk wani bayanin hannun jari da ke littafin darasi.

Ki shirya wa iyaye. Wani uba ya taɓa zuwa har ofis ransa a ɓace, ya ce karatu ya kawo 'yarsa ba talla ba. Kuma yana da gaskiya, kowa ya san abin da talla ta yi wa karatun 'ya'ya mata a ƙasar nan. Shi ya sa ba ma fita ƙofar makaranta da kaya, ba ma sayarwa sai lokacin tara, kwana biyu a mako, kuma ina rubuta wa iyaye takarda tun kafin a karɓi ko sisi. Ki sanar da shugaban makaranta da masu sayar da abinci a harabar ma, in ba haka ba za ki sayi rigima da ba ta cikin manhaja.

Maganar manhaja kuwa, kada ki jira ta. Tun 2011 aka shigo da darussan sana'a har 34 a babbar sakandare, su ɗinki, rini, kiwon kifi, gyaran waya, aka ce kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya. Makarantu da yawa suka zaɓi wanda ba ya buƙatar komai sai alli. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage su zuwa shida, ciki har da haɗa wutar sola da ɗinki da kiwo. Ko shida ne ko talatin, wadda ta iya ɗinki ba ta iya cire kuɗin zare da wutar guga ba, keken za ta sayar.

Yara suna son labarin Ɗangote da yadda ya ce yana sayar da alawa tun yana firamare. Ina ba su, amma ina ƙarasawa: tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne, a gidan fatauci ya tashi, kuma jarinsa na farko rance ne daga dangi. Na fi son in gayyato telar unguwa ko mai saƙar hula ta zo aji ta faɗi yadda ta fara da adashi, da sau nawa ta karye. Ita ce suke yi wa tambayoyi har a buga ƙararrawa.

Wajen ba da maki, littafin nake dubawa, ba yawan riba ba. Rukunin da ya faɗi amma ya nuna min inda kowace Naira ta bi ya fi wanda ya ci riba bai san ta ina ta zo ba. In kin sa maki a kan riba, iyaye za su fara cusa kuɗi ta bayan fage, na gani da idona.

Ki fara da rukuni biyu kawai wannan zangon, sauran su zama masu binciken littafi, zango mai zuwa a juya. Kuma in sanyi ya shigo, ki hana su zoɓo mai ƙanƙara. Mun gwada a watan Janairu, mu muka shanye abinmu.